Wa Ɗan Majalisa Zai Bi: Jam'iyya, Jagora ko Mutanen Mazaɓa?

Idan jam'iyya ta ce a kaɗa ƙuri'a gabas, mutanen mazaɓa suna son yamma, shi kuma ɗan majalisa hankalinsa ya kwanta a wani wuri daban, wa ya fi cancanta ya bi? Tambayar ba ta yau ba ce. Tun a 1774 Edmund Burke ya faɗa wa masu zaɓensa a birnin Bristol na Ingila cewa wakili ba ɗan aike ba ne, kuma idan ya ajiye hankalinsa ya bi duk abin da suka ce, to cin amanarsu ya yi. Bayan shekara shida kujerar ta suɓuce masa.

Abin da ya sa tambayar ta sake ɗaukar zafi shi ne yadda hukunta ɗan majalisa saboda ƙuri'a guda ya zama ruwan dare a ƙasashen da ake kafa misali da dimokuraɗiyyarsu. Ana dakatar da wasu, ana yi wa wasu tofin Allah tsine a rubuce, ana ɗauko wa wasu kishiya a zaɓen fid da gwani. Masu kallo kuma sun kasu biyu: wasu na cewa maganin maciya amana ke nan, wasu na cewa an kashe majalisa. Kafin a ɗauki ɓangare, akwai abubuwan da ya kamata a tsefe.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Rarrabuwar kai a siyasa ba saɓanin ra'ayi ba ce kawai. Saɓani shi ne abincin dimokuraɗiyya, in babu shi babu amfanin zaɓe. Abin da ake nufi shi ne jama'a da wakilansu su ja su koma gefe biyu masu nisa da juna, tsakiya ta zama fili babu kowa. Masana suna raba ta gida biyu. Akwai ta manufa, inda jam'iyyu ke nesanta da juna kan haraji, baƙin haure, kiwon lafiya da makamantansu. Akwai kuma ta zuciya, wadda ta fi muni, inda mutum ya daina ganin ɗan wata jam'iyya a matsayin wanda ya yi kuskure, ya koma ganinsa a matsayin mugu. Binciken cibiyar Pew a 2022 ya nuna kashi 72 cikin 100 na magoya bayan Republican a Amurka suna ganin 'yan Democrat sun fi sauran Amurkawa rashin ɗa'a, kashi 63 na 'yan Democrat kuma suna yi wa 'yan Republican irin wannan kallo.

Sai kuma horon jam'iyya da gwajin biyayya, waɗanda mutane ke ɗauka abu ɗaya ne. Horon jam'iyya tsoho ne. A majalisar Birtaniya, masu tsawatarwa na kowace jam'iyya suna aika wa mambobinsu takarda duk mako ɗauke da ƙudirorin da za a kaɗa wa ƙuri'a. Wanda aka ja wa layi ɗaya a ƙasa ba dole ba ne. Wanda aka ja wa layi uku kuwa umarni ne, kuma saɓa masa na iya sa a cire mutum daga sahun jam'iyya a majalisa. Ma'aunin a nan shi ne: shin kana tare da mu a kan abin da muka yi wa jama'a alkawari?

Gwajin biyayya wani abu ne daban. Ana ware batu guda, ko mutum guda, a ce duk wanda bai tsaya nan ba ya fita daga gida, ko da ya shekara talatin yana yi wa jam'iyya bauta. Wani lokaci takarda ce ake sa hannu, kamar alkawarin ƙin ƙara haraji da ƙungiyar Grover Norquist ta fara karɓa daga 'yan takarar Amurka tun 1986. Wani lokaci tambaya ce guda da ake jefa wa ɗan takara a gaban jama'a, kamar wa ya ci zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 2020. Amsar da ya bayar ita ce katinsa na shaida.

Ƙuri'a guda ta shafe dubu

Babu misalin da ya fi fito da bambancin kamar na Liz Cheney, tsohuwar 'yar majalisar wakilan Amurka daga jihar Wyoming, wadda a farkon 2021 ita ce ta uku a shugabancin 'yan Republican a majalisar. A shekarun mulkin Donald Trump na farko, kusan kashi 93 cikin 100 na ƙuri'unta sun dace da matsayinsa. Ranar 13 ga Janairun 2021 ta shiga cikin 'yan jam'iyyar goma da suka goyi bayan tsige shi saboda harin da magoya bayansa suka kai majalisa ranar 6 ga watan. A watan Mayu aka sauke ta daga muƙaminta. Wadda aka ɗora a gurbinta, Elise Stefanik, ƙuri'unta da suka dace da Trump ba su kai kashi 80 ba.

A duba wannan da kyau. Idan manufa ake aunawa, Cheney ta fi wadda ta gaje ta zama 'yar gida. An kore ta ne saboda ma'aunin ya tashi daga manufa ya koma kan mutum. Reshen jam'iyyar na jiharta ya ce ya daina ɗaukarta a matsayin 'yar Republican, a Agustan 2022 kuma ta sha mummunan kaye a zaɓen fid da gwani. Cikin mutum goman nan, huɗu sun haƙura da takara, huɗu sun faɗi a fid da gwani, biyu kaɗai suka koma majalisa. Za mu dawo kan waɗannan biyun, domin labarinsu ya fi na takwas ɗin koyarwa.

Kada a ɗauka cutar ta gida ɗaya ce. A Janairun 2022 reshen Democrat na jihar Arizona ya yi Allah wadai da Sanata Kyrsten Sinema a hukumance saboda ta ƙi yarda a sassauta ƙa'idar majalisar dattawa da ke buƙatar ƙuri'a 60 kafin a rufe muhawara. Kafin shekarar ta ƙare ta fice daga jam'iyyar. A Birtaniya, firaministan lokacin Boris Johnson ya kori 'yan majalisa 21 daga sahun Conservative a dare ɗaya a Satumban 2019 kan batun ficewa daga Tarayyar Turai. Cikinsu akwai Kenneth Clarke, wanda yake majalisa tun 1970, da Nicholas Soames, jikan Winston Churchill.

Yadda aka zo nan

Mutane kan yi saurin cewa 'yan siyasar yanzu matsorata ne. Ban musa ba, amma na da ma ba jarumai ba ne duka. Abin da ya canza shi ne wanda ake tsoro.

Ɗan majalisa yana tsoron duk wanda zai iya raba shi da kujerarsa. A mazaɓar da jam'iyyu biyu ke kankankan, abin tsoron shi ne mai zaɓe na tsakiya, wanda yau yana nan gobe yana can. Dole wakilin ya riƙa sassautawa, ya nuna yana iya zama da kowa. Amma a mazaɓar da jam'iyya ɗaya ta riga ta mallake, babban zaɓe tabbatarwa ce kawai. Zaɓen gaskiya shi ne fid da gwani, kuma waɗanda ke fitowa a ranar ba su da yawa, galibinsu 'yan a-mutu ne. Wakilin da ke irin wannan mazaɓa babu ruwansa da ɗan adawa. Wanda ke hana shi barci shi ne matashin cikin gida da zai tashi ya ce masa ya sayar da jam'iyya.

Irin waɗannan mazaɓu sun yi yawa a Amurka ta hanya biyu. Ɗaya ita ce yankan mazaɓa da gangan, inda jam'iyyar da ke riƙe da majalisar jiha ke zana taswira ta tattara magoya bayan adawa a 'yan wurare kaɗan, ta baje nata a sauran. Ɗayar kuma babu wanda ya shirya ta: mutane sun tace kansu, manyan birane sun koma wa Democrat, karkara ta koma wa Republican. A zaɓen 1984, kusan mazaɓu 190 cikin 435 sun zaɓi shugaban ƙasa daga wata jam'iyya, ɗan majalisa daga wata. A 2020 mazaɓu 16 ne kacal suka yi haka. Wato mai zaɓe ya daina kallon mutum, tuta yake kallo. Idan haka ne, me zai sa wakili ya saɓa wa tuta?

Su ma jam'iyyun sun tace kansu. A da, kowace jam'iyya a Amurka tana da masu sassauci da masu ra'ayin riƙau a cikinta, shi ya sa dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta wuce majalisar dattawa da ƙuri'a 73 da 27, da hannun jam'iyyun biyu a kowane gefe. Kwatanta da dokar inshorar lafiya ta Obama a 2010, wadda ta zama doka ba tare da ƙuri'ar ɗan Republican ko ɗaya ba a matakin ƙarshe, da dokar rage haraji ta Trump a 2017, wadda ɗan Democrat ko ɗaya bai goyi baya ba.

Sai kuɗi da kafafen sadarwa, waɗanda suka zama tagwaye. Ɗan majalisar da ya zauna ya yi sulhu ba ya samun labari. Wanda ya yi wa abokin hamayya wankin babban bargo a zauren majalisa kuwa, kafin magariba bidiyonsa ya zaga duniya, gudummawar kuɗi kuma na shigowa daga mutanen da ba su taɓa taka mazaɓarsa ba. Kasuwa ce, kuma fushi ne ke tafiya a cikinta. A can har laƙabi aka yi wa mai sassauci, RINO, wato ɗan Republican a suna kawai, kuma idan ya manne wa mutum da wuya ya wanku.

Ƙarancin rinjaye ya ƙara wa wutar fetur. Idan tazarar da ke tsakanin masu rinjaye da marasa rinjaye kujera biyar ce, kowace ƙuri'a rai ce, kuma kowane zaɓe na iya juya majalisa. Jam'iyyar adawa ba ta da dalilin taimaka wa gwamnati ta yi abin a zo a gani, tunda faɗuwar gwamnatin ita ce hanyarta ta dawowa.

Jam'iyya ma tana da hujja

Ba adalci ba ne a mai da duk mai bijirewa gwarzo. Jam'iyya za ta ce: da tutarmu ka tsaya, da kuɗinmu da 'yan sa-kanmu ka yi yaƙin neman zaɓe, yawancin waɗanda suka zaɓe ka ba su san ko sunanka ba, alamarmu suka dangwala wa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Maganar tana da ƙarfi, musamman a tsarin firaminista, inda gwamnati ke rushewa da zarar ta rasa rinjaye a majalisa.

Akwai wata hujjar da ta fi wannan nauyi, kuma talaka take karewa. Idan kowane ɗan majalisa gashin kansa yake ci, wa za a kama idan abu ya lalace? Jam'iyya mai magana da murya ɗaya ita ce mai zaɓe zai iya yi wa hisabi, ya ce kun yi alkawari kun saɓa, ku sauka. Sannan majalisar da babu horo a cikinta ta fi sauƙin saye. Attajiri ba ya buƙatar shawo kan jam'iyya, mutum uku ko huɗu sun ishe shi. Ba kowane mai cewa zuciyata ce ta hana ni ba ne yake nufin zuciya. Wani aljihu yake nufi.

Inda hujjar ke karyewa shi ne lokacin da biyayyar ta tashi daga alkawarin da aka yi wa jama'a ta koma kan buƙatar jagora ta wannan makon. A Yulin 2024 jam'iyyar Labour ta Birtaniya ta dakatar da 'yan majalisarta bakwai saboda sun goyi bayan soke ƙa'idar da ta taƙaita wani tallafin gwamnati ga 'ya'ya biyu na farko. A Nuwamban 2025 gwamnatin Labour ɗin da kanta ta sanar da soke ƙa'idar. Laifin mutum bakwai ɗin, in an duba, riga malam masallaci ne.

Abin da doka ta ce

Ƙasashe sun sha bamban sosai a nan. Kundin tsarin mulkin Jamus, a sashe na 38, ya ce 'yan majalisa wakilan al'umma ne baki ɗaya, babu umarnin da ya ɗaure su, zuciyarsu kaɗai za su bi. A aikace jam'iyyun Jamus suna da horo sosai, amma akan saki kowa a wasu manyan batutuwa. Haka aka yi a Yunin 1991 lokacin da aka yanke shawarar mayar da mazaunin majalisa da gwamnati Berlin daga Bonn, da ƙuri'a 338 da 320, jam'iyyu sun rabu a cikin gidajensu kuma babu wanda aka kora.

Indiya ta bi ɗaya gefen. Bayan shekaru na sauya sheƙa da ke kifar da gwamnatocin jihohi kamar wasa, ta yi gyaran tsarin mulki a 1985. Ɗan majalisar da ya bar jam'iyyarsa, ko ya kaɗa ƙuri'a saɓanin umarninta ba tare da izini ba, zai iya rasa kujerarsa. Dokar ta rage cinikin ɗaiɗaiku, amma ta bar ƙofa ga kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar jam'iyya su haɗe da wata, sai ciniki ya koma na sari. Ta kuma mai da muhawara wasan kwaikwayo, tunda duk abin da za a faɗa a zaure an riga an san inda kowa zai dangwala. Kundin Najeriya na 1999 ya tsaya a tsakani: sashe na 68 ya ce ɗan majalisar tarayya da ya koma wata jam'iyya zai rasa kujerarsa sai in jam'iyyarsa ta dare ko ta haɗe da wata, amma bai hukunta shi kan yadda ya kaɗa ƙuri'a ba.

Afirka ta Kudu ta ba da darasi mai daɗin nazari. A can jam'iyya ake zaɓa, ita ke jera sunayen waɗanda za su shiga majalisa, kuma wanda ta kora ya rasa kujera. Lokacin da yake shugaban ƙasa, Jacob Zuma ya tsallake ƙuri'un yanke ƙauna da dama cikin sauƙi muddin a fili ake kaɗawa. A Agustan 2017 aka yi ta a asirce. A lokacin jam'iyyarsa ANC tana da kujeru 249 cikin 400, amma ƙuri'a 198 kawai suka kare shi, 177 suka nemi ya tafi. Mutanen ba su canza ba, idon jam'iyya ne aka kawar daga kansu na 'yan mintuna. Sai dai ƙuri'ar sirri takobi ce mai kaifi biyu, domin idan jam'iyya ba ta ga abin da wakili ya yi ba, mai zaɓe ma bai gani ba.

Ina ruwan talaka?

Farko dai, aiki na tsayawa. Daga Disamban 2018 zuwa Janairun 2019 wani ɓangare na gwamnatin Amurka ya rufe har kwana 35 saboda rikicin kuɗin gina katanga a iyakar Meziko, ma'aikata kusan dubu 800 suka rasa albashi a kan lokaci. A ƙarshen Satumban 2023 kakakin majalisar wakilai Kevin McCarthy ya guje wa irin wannan rufewa ta hanyar karɓar ƙuri'un 'yan Democrat. Kwana uku bayan haka 'yan jam'iyyarsa takwas suka haɗu da 'yan adawa suka tsige shi, karo na farko a tarihin ƙasar, majalisar ta yi mako uku babu shugaba. Duk wanda zai hau kujerar bayansa ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta.

Har abin da babu gardama a kansa yakan zama haramun idan daga ɗaya gefen ya fito. A Nuwamban 2021 'yan majalisar wakilai 13 na Republican suka goyi bayan dokar gyaran hanyoyi da gadoji da bututun ruwa ta gwamnatin Joe Biden. An kira su maciya amana, ɗaya daga cikinsu, Fred Upton na Michigan, har saƙon barazanar kisa ya samu. Gada ce fa ake magana a kai, wadda ba ta tambayar mai wucewa jam'iyyarsa.

Asarar da ta fi girma ba ta fitowa a labarai. Majalisa an kafa ta ne don ta sa wa mai mulki ido, kuma sa idon da ya fi ciwo shi ne na 'yan gida. A Agustan 1974 manyan 'yan Republican ne, ciki har da Sanata Barry Goldwater, suka je suka faɗa wa Shugaba Richard Nixon, ɗan jam'iyyarsu, cewa ba shi da ƙuri'un da za su cece shi daga tsigewa a majalisa, washegari ya sanar da murabus. Idan gwajin biyayya ya yi ƙarfi, bincike kan koma na son rai: a tona asirin shugaban adawa, a rufe na gida. Sannan muryar da ke cewa a dakata takan ɓace. A 14 ga Satumban 2001, kwana uku bayan harin 11 ga Satumba, Barbara Lee ita kaɗai ce a majalisar wakilan Amurka ta ƙi amincewa da ba shugaban ƙasa izinin amfani da ƙarfin soja, 420 suka amince. Ta sha zagi da barazana. An ci gaba da dogaro da wannan izini shekara da shekaru wajen kai hare-hare a ƙasashen da ba a ambata ba a ranar.

Mutum biyun da suka tsira

A koma kan 'yan Republican goman da suka goyi bayan tsige Trump. Biyun da suka koma majalisa su ne David Valadao na Kaliforniya da Dan Newhouse na jihar Washinton. Ba sun fi sauran takwas ɗin iya magana ba ne. Jihohinsu biyu suna da wani tsarin fid da gwani na daban: duk 'yan takara, daga kowace jam'iyya, suna shiga takarda ɗaya, duk mai rajista yana da damar zaɓe, biyun da suka fi ƙuri'a su ne za su kara a babban zaɓe. Tikitinsu ba a hannun 'yan a-mutun jam'iyya kaɗai yake ba.

Haka Sanata Lisa Murkowski ta Alaska. Tana cikin sanatocin Republican bakwai da suka sami Trump da laifi a shari'ar tsige shi a Fabrairun 2021, reshen jam'iyyarta na jihar ya yi Allah wadai da ita, ya kuma goyi bayan wata. Amma a 2020 masu zaɓen Alaska sun amince da sabon tsari: fid da gwani na kowa da kowa, mutum huɗu su wuce, a babban zaɓe kuma mai zaɓe ya jera su daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Da wannan ta ci zaɓen 2022, da ƙuri'un 'yan jam'iyyarta da na waɗanda ba 'yan jam'iyyarta ba.

Masu sukar tsarin suna da abin faɗa. Suna cewa jam'iyya ƙungiya ce ta masu ra'ayi ɗaya, ba daidai ba ne baƙo ya zaɓar mata ɗan takara, kuma jera sunaye yana rikita masu zaɓe yana jinkirta sakamako. Misali uku ma ba su isa su zama doka ba, Valadao kansa da ƙyar ya sha. Shugabannin jam'iyyu kuwa ba sa son duk abin da zai ƙwace musu mabuɗin tikiti. A 2024 an kai tsarin na Alaska gaban jama'a don a soke shi, ya tsira da tazarar da ba ta kai ƙuri'a dubu ɗaya ba. A shekarar kuma masu zaɓe a wasu jihohi, ciki har da Nevada da Colorado da Idaho, suka yi watsi da shawarar ɗaukar irinsa.